Amiyant: shekara 91 tsakanin gargaɗi da hani

'Yan uwa, wannan rufin mai ruwan toka da muke gani bisa wasu tsoffin azuzuwa da gidajen ma'aikata, wanda magina ke ce ma fibro, yana da tarihi. A 1900 wani ɗan Ostiriya, Ludwig Hatschek, ya yi rajistar dabarar cuɗa siminti da zaren wani dutse, amiyant da Faransanci, asbesto a bakin maƙwabtanmu na Najeriya. Sunan kayan Eternit. Ba ya cin wuta, ba ya tsatsa, ga araha. Aka yi rufi da shi, da silin, da tiyon ruwa, har ya iso Afirka.

An san illarsa da wuri. Tun 1906 wani mai binciken wuraren aiki a Faransa, Denis Auribault, ya rubuta cewa ma'aikata kusan 50 sun mutu a wata masaƙar amiyant kusa da Condé-sur-Noireau. Aka ajiye takardar. A 1960 likita Wagner a Afirka ta Kudu ya nuna ƙurarsa na kawo sankarar fatar da ke lulluɓe da huhu, har ga waɗanda zama kawai suka yi kusa da ma'adinan. Duk da haka sai ranar 1 ga Janairu 1997 Faransa ta hana shi. A ganina wannan jinkiri ba rashin sani ba ne, kuɗi ne: ciwon kan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ya fito, kafin nan an ci riba, ma'aikacin ma ya bar aiki.

Hanin bai sauke rufin kowa ba. Idan allon lafiya lau yake, ba a taɓa shi, haɗarin kaɗan ne. Matsalar tana tashi ranar gyara, in aka sa injin yanka, ko aka farfasa da guduma, ko aka share ƙurar a bushe. Zaren ba ya ganuwa da ido, in ya shiga huhu kuma yana iya zama har ƙarshen rai.

Mai sauke shi ya jiƙa shi da ruwa tukuna, ya kwance ƙusa, ya sauke allo-allo ba tare da karyawa ba. Rawani ko takunkumin zamanin korona ba su tare wannan ƙura, sai irin FFP3. Kayan aikin kada su je gida uwargida ta kakkaɓe. Gutsattsarin kuwa a ƙulle su cikin leda mai kauri, kada a cike ramin titi da su inda yara ke wasa.