Tarihin Yaƙi da Ciwon Sukari

Tun zamanin dā masu magani na ƙasar Hindu sun lura akwai wata cuta wadda in mai ita ya yi fitsari sai kiyashi su taru a wurin. Sun san alamarta, amma ba su gane mafarinta ba.

Mafarin nan yana cikin wata tsoka da ke kwance bayan tumbi, likitoci na ce da ita fankiriyas. A 1869 wani ɗalibi a Balin, Paul Langerhans, ya ga waɗansu 'yan ƙwayoyi tsibi tsibi a cikinta. A 1889 Minkowski da von Mering suka cire wa kare tsokar nan, sai ga ciwon sukari ya kama shi. Ashe ƙwayoyin ne ke fid da insulin, watau ruwan da ke sa jiki ya ci moriyar sukarin da ke cikin jini.

A 1921, a Toronto ta Kanada, Banting da Best suka tatso ruwan nan. A watan Janairu na 1922 aka yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurarsa, ya farfaɗo bayan an fid da tsammani.

To, amma allura ba ta raba mutum da cutar. Kullum sai an yi ta, ga tsada, ga shi zafi na kashe ƙarfin maganin. Inda babu firiji, a gindin randa ake ɓoye shi. Manomin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, in ciwon ya tsananta, babban asibiti sai Katsina ko Shika. A shekarun da 'yan fashin daji suka addabi ƙasashen nan kuwa, kamar 2020, tafiyar kanta sai da kasada.

Saboda irin wannan wahala masana suka juya ga gyaran tushen. A 1966 aka fara dashen fankiriyas a Minnesota ta Amurka. A 2000 likitocin Edmonton suka sanar cewa sun dasa wa mutum 7 ƙwayoyin kaɗai, duka kuma sun bar allura har wani lokaci. Sai dai daga jikin mamata ake samo su, ba su isa masu bukata ba.

Daga nan aka shiga ƙera tsokar da na'ura. Akan kwaɓa ƙwayoyi masu rai da wani abu mai kauri kamar koko, na'urar ta riƙa ɗiga su hawa hawa, yadda magini ke jera tubali. A 2019 su Likita Michał Wszoła na Foland suka buga samfurin fankiriyas mai hanyoyin jini.

Sauran aiki biyu ne: jini ya ratsa ko'ina a tsokar don kada ƙwayoyin su mutu, jiki kuma ya karɓe ta, kada ya yaƙe ta kamar baƙuwa. Ran da aka ci nasarar waɗannan, aka kuma sa kuɗin aikin daidai ƙarfin talaka, mai ciwon sukari a ƙauyen Sabuwa ya huta da neman allura.