Dutsen Basile: kusa a taswira, nesa a takarda

Dutsen Basile, wanda ake kira Pico Basilé da harshen Sifaniyanci, shi ne wuri mafi tsawo a ƙasar Ikwatoriyal Gini. Yana tsibirin Bioko a mashigin tekun Gini, kuma tsayinsa ya ɗan haura mita 3,000. Ya zarce Chappal Waddi na Jihar Taraba, dutse mafi tsawo a Najeriya mai mita 2,419. Dutse ne mai aman wuta, ɗaya daga jerin da ya haɗa da Dutsen Kamaru, kuma rabonsa da yin aman tun 1923.

Tsibirin ba baƙo ba ne ga 'yan Najeriya. A zamanin da ake kiransa Fernando Po, dubban leburori daga kudu maso gabashin ƙasar sun yi aiki a gonakin koko da ke can, musamman bayan yarjejeniyar ƙwadago ta 1942 tsakanin Ingila da Sifaniya, har zuwa lokacin da aka kwaso su a 1975 da 1976 saboda uƙubar mulkin Macías Nguema. Tazarar Bioko da gaɓar Kamaru ba ta wuce kilomita 32 ba. Amma ga mai tasowa daga Abuja, wahalar tafiyar ta fi yawa a ofisoshi fiye da kan dutsen.

Ikwatoriyal Gini ba ta cikin ECOWAS, don haka fasfon da ke kai ɗan Najeriya Yamai ko Akra ba tare da biza ba, a nan ba ya wadatarwa. Sai an nemi biza a ofishin jakadancin ƙasar da ke Abuja, ko ta intanet, tsarin da ta buɗe a 2023. Ana kuma buƙatar katin rigakafin cutar shawara, wanda sashen lafiya na tashoshin shiga da fice ke bayarwa. Jirage zuwa Malabo, babban birnin tsibirin, ba su da yawa, jadawalinsu kuma yakan sauya. Matafiyi kan bi ta Legas ko Duwala, wani ma sai ya zaga ta Addis Ababa, zagayen da ya ninka tazarar sau da dama. Mai hankali yakan bar rarar kwana ɗaya ko biyu a lissafinsa.

Akwai wani tarko a batun kuɗi. Sefar da ake kashewa a Malabo ta Afirka ta Tsakiya ce. Darajarta ɗaya da ta Nijar ko Benin, amma takardun daban ne, kuma ba a karɓar wannan a madadin waccan. Wanda ya canza naira zuwa sefar Yammacin Afirka zai sake neman ɗan canji.

Abin mamaki, hawan kansa shi ne mafi sauƙi, domin akwai titin mota da ke kaiwa har ƙololuwa. Sai dai a can saman akwai turakun sadarwa da jami'an tsaro ke gadi, saboda haka ba a wucewa shingen da ke gindin dutsen sai da rubutaccen izini daga hukumomi a Malabo. Ɗaukar hoto kusa da turakun ko wuraren soja na iya jawo tsarewa. Harshen aiki Sifaniyanci ne, ko da yake Pichi, wani nau'in Turancin buroka da ake yi a Malabo, yakan taimaki ɗan Najeriya a kasuwa da tasha.

Yankin ya zama gandun daji na ƙasa a shekarar 2000, kuma al'ummar Bubi, 'yan asalin tsibirin, suna girmama dutsen. Bioko na daga cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Afirka, gajimare kan lulluɓe ƙololuwar kwana da kwanaki. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu. Wanda ya baro zafin gaɓar teku da sauronta da safe zai tarar da sanyi da iska a sama kafin azahar, don haka rigar sanyi da ta ruwa suna cikin kayan da ba a bari a masauki.