Diwali da Bukukuwan Watan Kartika

Diwali bikin fitilu ne na mabiya addinin Hindu, kuma shi ne babba cikin jerin bukukuwan da suke yi daga ɗaukewar damina zuwa shigowar sanyi. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Sanskirit "dipavali", wato jerin fitilu. Babban darensa shi ne daren duhun wata na watan Kartika a kalandar Hindu, tsakanin tsakiyar Oktoba da tsakiyar Nuwamba. Kaka ce a Indiya a wannan lokaci, ana yankan shinkafa, daidai sa'ar da manoman Tudun Wada da Doguwa ke ɗora masara da shinkafa a mota zuwa Kwanar Dangora. Fitilar bikin, wadda suke kira diya, ɗan kasko ne na yumɓu da mai da lagwanin auduga, kamar aci-bal-bal.

Asali da tarihi

Masana da dama na ganin bikin ya tsiro ne daga shagulgulan girbi, daga baya labaran addini suka lulluɓe shi. An ambace shi a tsofaffin littattafan Padma Purana da Skanda Purana. Wasan kwaikwayon Nagananda, wanda ake danganta wa Sarki Harsha na ƙarni na 7, ya kawo zancen bikin kunna fitilu. Malamin nan Musulmi, Abu Raihan al-Biruni, ya bayyana shi a littafinsa kan Indiya wajen shekarar 1030. Sarkin daular Mughal, Akbar, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, yakan bari a yi shi a fadarsa.

Kowane yanki da labarin da yake jingina bikin da shi. A arewacin Indiya ana tunawa da dawowar abin bautarsu Rama birnin Ayodhya bayan shekara 14 yana gudun hijira, inda aka ce mutanen gari sun jera masa fitilu a hanya. A kudu, nasarar abin bautarsu Krishna kan azzalumi Narakasura ake tunawa. A Bengal kuwa, daren na bautar Kali ne. Mabiya addinin Jain na tuna rasuwar jagoransu Mahavira, su kuma mabiya addinin Sikh suna tuna sakin Guru Hargobind daga kurkukun Gwalior a ƙarni na 17.

Kwanaki biyar

Kafin bikin ana share gida, a shafe bango, a zana ado a ƙofa da garin shinkafa ko hoda mai launi. Ranar farko, Dhanteras, ta sayen zinariya da sababbin kwanuka ce. Ta biyu ta wankan asuba ce da shafa mai. A daren ta uku ake kunna fitilu don Lakshmi, wadda a aƙidarsu ita ce abar bauta ta arziki, a raba alawa, a harba abubuwan tartsatsi. 'Yan kasuwar Gujarat na rufe tsohon littafin lissafi su buɗe sabo, domin sabuwar shekararsu na kamawa washegari. Rana ta huɗu, Annakut, ma'ana tsibin abinci, ana tara dafe-dafe iri-iri a wuraren bauta. Ta biyar, Bhai Dooj, mata ke karɓar 'yan'uwansu maza da abinci da fatan tsawon rai.

Bukukuwan da ke biye

Kwana shida bayan Diwali sai Chhath, bikin bautar rana na mutanen Bihar da makwabtansu, har cikin Nepal. Masu yin sa, galibi mata, kan yi azumin kusan awa 36 ba ci ba sha, su tsaya cikin kogi da kwandunan 'ya'yan itace da rake a faɗuwar rana da fitowarta. Sai Tulsi Vivah, wanda ke buɗe lokacin aure bayan wata huɗu na damina da ake dakatar da shi. Ran da watan Kartika ya cika, mutane na tururuwa wanka a kogin Ganga, a cika matakalan bakin ruwa na Varanasi da fitilu, a kuma ci babbar kasuwar raƙuma ta Pushkar a Rajasthan. A Tamil Nadu kuwa, akwai bikin Karthigai Deepam, inda ake hura gagarumar wuta a kan dutsen Tiruvannamalai.

Bazuwa a duniya

Turawan Ingila sun kwashi Indiyawa 'yan ƙwadago zuwa gonakin rake: Moris daga 1834, Guyana 1838, Tirinidad 1845, Natal ta Afirka ta Kudu 1860, Fiji 1879. Suka tafi da fitilunsu. Yau Diwali ranar hutu ce ta ƙasa a Moris da Guyana da Tirinidad da Fiji.

A ƙasar Hausa

Bikin ya iso Najeriya ta hannun fatake, musamman 'yan Sindh, irin iyalan da suka kafa kamfanin Chellarams a Legas a 1923. A shekarun 1970 da 1980 malaman makaranta da likitoci Indiyawa sun yi aiki a garuruwan Arewa da yawa. Indiyawa mazauna Kano da Legas na yin bikin a gidajensu da wuraren taronsu.

Amma yawancin Hausawa a majigi suka fara ganin Diwali. Tun shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka riƙa kawo finafinan Indiya gidajen sinima na Arewa, daga baya bidiyo da fassarar Hausa suka kai su ƙauyuka. Fim ɗin Kabhi Khushi Kabhie Gham na 2001 ya nuna bikin Diwali tun a farkonsa, uwa riƙe da tiren fitila tana jiran ɗanta. Mai kallo a Bebeji ko Ƙiru, duk da bambancin addini, ya san yanayin da ya haifi wannan biki: ruwa ya ɗauke, rumbu ya cika, an biya bashin damina, an sa ranar aure.