Fatalwar Titin Regent da Matar da Ta Ƙi Barin Mijinta

A daren jajibirin Kirsimeti na shekarar 1862, mutanen Landan suka cika wani zaure a Royal Polytechnic Institution da ke titin Regent, domin kallon wasan da aka tsakuro daga labarin Charles Dickens mai suna The Haunted Man. Ana tsaka da wasa sai ga wata halitta ta bayyana a kan dandamali, ana hango abin da ke bayanta ta cikin jikinta, can kuma ta ɓace kamar an hure fitila.

Dabarar ba wata mai wuya ba ce. An ɓoye abin da ake so a nuna inda ’yan kallo ba za su gan shi ba, aka haska shi da fitila mai ƙarfi, sannan aka kafa ƙaton gilashi a karkace tsakanin jama’a da dandamali. Inuwar abin ta faɗa kan gilashin, shi kuwa gilashin ba a ganin sa. Duk wanda ya taɓa hango fuskarsa a tagar mota da dare ya san yadda abin yake. Injiniya Henry Dircks ne ya fara kawo tunanin, John Henry Pepper ya gyara shi yadda zai yi aiki a zauren wasa, amma sunan Pepper kaɗai ya bi dabarar har yau. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A wannan gini ne kuma, cikin Fabrairun 1896, aka fara nuna majigin ’yan’uwan nan Lumière na Faransa ga masu biyan kuɗin shiga a Birtaniya.

Sai dai fatalwar Pepper mamaki take ba mutane fiye da tsoro, don tana can nesa a kan dandamali. Masu fim a Landan sun gane cewa sai an shigo da ita cikin ɗaki. A fim ɗin Dead of Night da kamfanin Ealing ya fitar a 1945, wata mata ta saya wa saurayinta tsohon madubi. Duk sanda ya duba, sai ya ga kansa a wani ɗaki da ba nasa ba. Babu jini, babu dogayen haƙora, madubi ne kawai ya daina faɗin gaskiya. BBC ta kai abin ƙarshe ranar 31 ga Oktoban 1992 da shirin Ghostwatch, wanda aka tsara kamar rahoton kai tsaye daga wani gida a Northolt, kuma Michael Parkinson, mutumin da kowa ya yarda da maganarsa, shi ne mai gabatarwa. Mutane da yawa suka ɗauka gaske ne, ƙorafi ya yi ta kwarara, BBC ba ta sake haska shi a talabijin ba.

A farkon shekarun 2000 kamfanin Tartan na Landan ya fara shigo da finafinan ban tsoro daga gabashin Asiya ƙarƙashin sunan Asia Extreme, ciki har da The Eye na tagwayen nan Pang, inda makauniyar da aka yi wa dashen ido ta bi sawun mai idon har ƙasar Tailan. Daga nan masu kallo a Ingila suka fara waiwayar fatalwowin Tailan, kuma a ganina sun fi na Turawa sanin inda tsoro yake kwana.

Ɗauki Mae Nak, wadda Nonzee Nimibutr ya yi fim a kanta a 1999 mai suna Nang Nak. Mijinta Mak ya tafi yaƙi, ita kuma ta rasu wurin haihuwa tare da jaririn. Da ya dawo ya tarar da su a gida, tana yi masa girki, duk maƙwabcin da ya yi yunƙurin faɗa masa gaskiya sai ya gamu da ajalinsa. Labarin ya ce wata rana tana daka yaji, lemon tsami ya suɓuce ya faɗa ƙasa ta tsakanin katakon daɓen gidan, gidan kuwa a kan dirkoki yake. Daga inda take zaune ta miƙa hannu, hannun ya yi ta tsawo har ƙasa ya ɗauko. A nan Mak ya gane da wa yake kwana. Mu da muka taso da labarin kyakkyawar fasinjar da ɗan acaɓa ya ɗauka da dare, ya duba ƙafarta ya ga kofato, mun san irin wannan faɗuwar gaba, duk da dai mu aljana za mu ce, ba mamaciya ba. Har yau akwai wurin da aka keɓe wa Mae Nak a haikalin Wat Mahabut da ke Bangkok, mutane na kai mata tufafi da kayan wasan yara.

Fim ɗin Shutter na 2004 ya fi wannan cizo. Wani mai ɗaukar hoto ya yi ta fama da ciwon wuya, ya hau sikeli a asibiti nauyinsa ya kusa ninkawa. Sai a ƙarshe hoto ya nuna budurwar da ya ci amanarta zaune a kan kafaɗunsa, tun farkon fim ɗin tana nan. Alhaki kwikwiyo ne, kuma ban san fim ɗin da ya nuna shi a fili kamar wannan ba.

Landan ta sa hannu a wannan tarihi ta wata ƙofar ma. Kamfanin Illuminations Films na birnin yana cikin waɗanda suka shirya Uncle Boonmee na Apichatpong Weerasethakul, inda marigayiyar matar wani manomi ta bayyana sannu a hankali a teburin cin abinci, iyalin suka ɗan razana, sannan suka ci gaba da hira da ita. Fim ɗin ya ci babbar lambar Palme d’Or a bikin Cannes na 2010.

Zauren titin Regent yana nan kusa da Oxford Circus, a hannun Jami’ar Westminster. An sake buɗe shi a matsayin silima a 2015.