Samanja Mazan Fama: Usman Baba Pategi da Hausar Bariki

Gabatarwa

A ranar 12 ga watan Nuwamba na shekara ta 2023 Allah ya yi wa Alhaji Usman Baba Pategi rasuwa a Kaduna, yana da shekara 81 a duniya. Kaɗan ne daga cikin masu saurarensa suka san shi da wannan suna. Ga galibin jama'a, daga Kaduna har Maraɗi da Damagaram inda aka riƙa kama Rediyon Kaduna a gajeren zango, sunansa Samanja Mazan Fama. Wannan maƙala za ta bi tarihin rayuwarsa a taƙaice, sa'an nan ta tsaya a kan abin da ya shafi masu nazarin harshe da masu tsara yaƙi da jahilci, wato irin Hausar da ya gina sana'arsa a kanta, wadda ake kira Hausar bariki ko Barikanci.

1. Asalinsa da shigarsa soja

An haifi Usman Baba a shekara ta 1942 a garin Pategi, a bakin kogin Kwara, cikin ƙasar Nufe. Ɗan gidan sarautar garin ne. Ya fara karatun boko a Pategi, ya ci gaba a Ilori, daga nan ya tafi Kaduna, inda ya sami aiki a gidan rediyon Jihar Arewa. Ke nan mutumin da ya zama ɗaya daga cikin fitattun ƴan wasan kwaikwayon Hausa Banufe ne, Hausa kuwa harshensa na biyu ce. Wannan batu shi ne mabuɗin fahimtar aikinsa duka.

Da yaƙin basasar Nijeriya ya ɓarke a shekara ta 1967, ya shiga soja, ya yi aiki a sashen sadarwa. Yaƙin ya sauya girman rundunar ƙwarai: kafin a fara, sojojin ƙasar wajen 10,000 ne, da aka gama a 1970 sun kai kimanin 250,000. Saboda haka da wuya a sami unguwa a Arewa wadda ba ta da soja ko tsohon soja, kuma kunnen kowa ya saba da salon maganarsu. Lokacin da shirin Samanja ya fito a Kaduna a farkon shekarun 1970, ya tarar da masu sauraro da suka riga suka san mutumin da ake kwaikwayo.

2. Sunan da rawar

Kalmar samanja aro ce daga sunan muƙamin nan na Ingilishi, sergeant-major, wadda bakin Bahaushe ya lanƙwasa ya taƙaita. Ƴan'uwanta suna da yawa: soja, kurtu, kofur, saja, hafsa, fareti, da ita kanta bariki. A Nijar kuwa, inda aron ya biyo ta Faransanci, ana jin ajidan da kumandan da jandarma. Mai muƙamin samanja shi ne tsani tsakanin hafsoshi da ƙananan sojoji. A kansa umarni ke sauka daga sama, daga bakinsa kuma yake isa ƙasa da tsawa. A fagen fareti kowa na tsoronsa, amma shi ma yana da na gaba da zai ƙame wa, yana kuma da gida da iyali waɗanda ba su bin oda.

A cikin wannan matsi Pategi ya sami abin dariyarsa. Samanja mutum ne mai cika baki da son girma, mai zafin rai, wanda ke son tafiyar da harkar gida kamar yadda ake tafiyar da rundunar yaƙi, kuma sau da yawa lissafinsa ke ɓacewa. Ya kamata a tuna cewa sojoji ne ke riƙe da mulkin Nijeriya daga 1966 zuwa 1979, da kuma daga ƙarshen 1983 zuwa 1999. A irin wannan zamani, fito da soja ana yi masa dariya a gidan rediyo da talabijin na gwamnati aiki ne mai bukatar sanin iyaka. Abin da ya ba Pategi dama shi ne shi ɗan gida ne: ya sa kakin, ya yi yaƙin, saboda haka barkwancinsa ya zama irin na ɗan'uwa, sojoji da kansu suna cikin masu son shirin.

Ya yi wasanni ban da wannan, har da Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan, wanda daga baya aka buga shi littafi. Amma rawar Samanja ta rufe sauran, ta kuma haɗiye sunansa na yanka. Shi da tsararrakinsa irin su Kasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, su ne suka raini kunnen jama'a da idonsu ga wasan kwaikwayon Hausa tun kafin sana'ar finafinan bidiyo ta kankama a Kano daga 1990.

3. Daga ina Hausar bariki ta fito?

Tarihinta ya girme wa Samanja da fiye da shekara ɗari. A 1863 Baturen Ingila John Glover ya kafa wata ƙaramar runduna a Ikko wadda aka riƙa kira da sunan Hausawan Glover. A 1897 aka ɗora wa Lugga, wato Lugard, kafa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma. Ana ce wa sojojin nan Hausawa, amma da yawansu ba Hausawa ba ne: akwai Nufawa da Barebari da Tibi da sauran al'ummun tsakiyar Nijeriya, akwai kuma Zabarmawa da suka tsallako daga yankin mulkin Faransa, musamman a rundunar ƙasar da ta zama Gana. Hausa ce ta haɗa su, hafsoshin Ingila ma sai da suka riƙa cin jarrabawarta. Da ita aka yi zaman sansani har a yaƙin Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma suka yi fama a lokacin yaƙin duniya na biyu.

Harshen da manya suka koya a bakin aiki, ba a bayan uwa ba, yakan sauƙaƙa ta hanyoyi sanannu. A Hausar bariki, kamar a Hausar sauran waɗanda suka koye ta da girma, ana lura da abubuwa kamar haka:

a) Ɓacewar bambancin jinsi: a maimakon "matata ta zo" sai a ji "matana ya zo".

b) Ɓacewar baƙaƙe masu ƙugiya: ƙafa ta koma kafa, ɗaka ta koma daka, alhali kowace biyu kalmomi ne dabam masu ma'ana dabam.

c) Raunin karin sauti da tsawon wasali, waɗanda ke rarrabe kalmomi da lokutan aikatau a daidaitacciyar Hausa.

d) Yawan shigowar kalmomin Ingilishi, har da jimloli sukutum na umarni.

Waɗannan sauye-sauye suna da tsari, ba kame-kame ba ne, shi ya sa ake iya kwaikwayonsu. Daga wannan rumbu Pategi ya ɗebi muryar Samanja, yana tsalle daga Hausa zuwa Ingilishin kasuwa, ya komo. Da shirin ya fita daga Arewa ya shiga tashoshin ƙasa baki ɗaya, sai rabon Ingilishin kasuwa ya ƙaru domin waɗanda ba su jin Hausa. Wannan kaɗai ya nuna cewa yana auna cakuɗar gwargwadon masu sauraro, kamar yadda mai gini ke auna ƙasa da ruwa.

4. Abin lura ga masu bincike

Akwai tarko biyu a nan. Na farko shi ne a ɗauki maganar Samanja a matsayin hoton Barikanci tsantsa. Ɗan wasa yakan zaɓi abin da ya fi ba da dariya ya ƙara masa gishiri. Wanda zai yi nazari sai ya gwada faifan da maganar tsofaffin sojoji na gaske kafin ya yanke hukunci. Tarko na biyu shi ne a raina ta, a ce ɓatacciyar Hausa ce wadda ba ta cancanci a rubuta ba. Kalmar bariki kanta ta ɗauki nauyin raini a bakin jama'a, domin idan aka ce ɗan bariki ko zaman bariki ba yabo ake nufi ba. Amma da irin wannan Hausa ce harshen ya isa wuraren da fatake da malamai ba su kai shi ba.

Batun ya shafi Nijar kai tsaye. Tarurrukan daidaita rubutu, na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980, sun tsayar da baƙaƙe da ƙa'idoji. Makarantun gwaji masu koyarwa cikin harsunan gida, waɗanda aka fara a Damagaram a 1973, sun fi dogara ga yaran da suka tashi da harshen. A watan Maris na 2025 kuwa, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Idan za a cika wannan, dole littafin karatu ya je hannun Bazabarme da Buzu da Babarbare da Bafillace, waɗanda da yawansu suna jin Hausa ta kasuwa da tasha da bariki. Inda Samanja ke ba da dariya, a nan ne irin wannan mai koyo zai yi tuntuɓe: jinsi, ƙugiya, karin sauti. Malamin da ya san wuraren tun da wuri zai ware musu darasi, ba zai mai da ɗalibi abin dariyar aji ba.

Kammalawa

Wasan Yusuf Ladan ya shiga littafi, ya sami mazauni a makarantu. Harshen Samanja kuwa ya fi zama a faifai da kuma cikin kunnen waɗanda suka saurare shi, su ma suna ta tsufa. Aikin da ke gaban cibiyoyin bincike na ƙasashen biyu a fili yake: a tattara abin da ke hannun gidajen rediyo da talabijin da na jama'a, a rubuta shi yadda aka furta ba tare da gyara ba, a sa alamun sauti, a kuma ɗauki maganar tsofaffin sojoji na Nijeriya da na Nijar domin kwatanci. Pategi ya yi wajen shekara hamsin yana amsa sunan Samanja. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.