Daga Bakori Zuwa Katsina: Yadda Ƙungiyoyin Kare Haƙƙin Mata Suka Yi Nasara A Shari'ar Amina Lawal

Ranar 25 ga Satumba, 2003, harabar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci da ke Katsina ta cika ta batse. 'Yan sanda sun tsare ƙofofi, 'yan jarida daga Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa sun kafa na'urorinsu, a ciki kuwa wata mata 'yar ƙauyen Kurami ta ƙaramar hukumar Bakori na zaune lulluɓe da mayafi, da 'yarta ƙarama a hannu. Kadi Ibrahim Mai Unguwa ya kwashe kimanin awa guda yana karanta hukunci da Hausa. Da ya kai ƙarshe, alƙalai huɗu cikin biyar sun soke hukuncin jifa da aka yanke wa Amina Lawal, suka sallame ta. Kadi Sule Sada ne kaɗai ya saɓa musu.

Mutanen Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara ba baƙin wannan labari ba ne. Shiyya ɗaya suke da Bakori, kuma a Funtuwa, inda suke cin kasuwa, aka yi zagaye na biyu na shari'ar. Sai dai abin da ya fi zama a bakin jama'a shi ne hayaniyar da aka yi a waje. Aikin da ya kuɓutar da matar a cikin zauren kotu aka yi shi, kuma wasu ƙungiyoyin mata ne suka ɗauki nauyinsa.

Yadda abin ya faro

A watan Oktoba na 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000. Katsina ta bi sahu a 2000 a zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, har jihohin suka kai goma sha biyu. Kotunan alƙali da suka saba da aure da saki da gado da rikicin gona sai ga shi an ɗora musu hukuncin haddi, alhali ba a ba alƙalai da yawa horon da ya dace da nauyin ba.

Tun da wuri aka ga inda gizo ke saƙa. A shari'ar zina, namiji na iya musantawa ya rantse ya tafi gida, tunda samun shaidu huɗu da suka gani da ido abu ne mai wuyar gaske. Mace kuwa ciki na tona ta. A Tsafe ta jihar Zamfara, maƙwabciyar Faskari da Ƙanƙara, an yi wa wata yarinya 'yar Magazu bulala ɗari a Janairun 2001, ana tsaka da shirin ɗaukaka mata ƙara, mazan da ta ambata kuwa babu abin da ya same su. A Gwadabawa ta jihar Sakkwato aka yanke wa Safiya Husaini Tungar Tudu hukuncin jifa a Oktoban 2001. Lauyanta Abdulƙadir Imam Ibrahim ya ɗaukaka ƙara, kotun Sakkwato ta wanke ta ranar 25 ga Maris, 2002.

A cikin wannan wata na Maris ne kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal irin hukuncin. Bazawara ce, ta haihu ba ta da aure, aka kai ta gaban alƙali ba ta da lauya. Ta amsa laifi. Mutumin da ta ce shi ne uban 'yar ya musanta, ya rantse da Alƙur'ani, aka sallame shi.

Su wa suka tsaya mata?

Ƙungiyoyi biyu ne kan gaba. Ta farko WRAPA, wadda Mai Shari'a Fati Lami Abubakar, uwargidan Janar Abdulsalami Abubakar, ta kafa a 1999, Hajiya Saudatu Mahdi kuma ke riƙe da ragamar ayyukanta a matsayin babbar sakatariya. Ta biyu BAOBAB, wadda Dokta Ayesha Imam da abokan aikinta suka kafa a 1996, ta kuma daɗe tana nazarin dokokin da suka shafi matan Musulmi. WRAPA ta ɗauko Barista Aliyu Musa Yawuri ya jagoranci lauyoyin da za su yi magana a gaban kotu. Cikin ayarin akwai Barista Hauwa Ibrahim, 'yar Hinna ta jihar Gombe, wadda ta tsaya wa mata da dama a irin waɗannan shari'o'i ba tare da karɓar ko sisi ba.

Hanya biyu ce a gabansu. Suna iya ƙalubalantar dokar kacokan da tsarin mulkin 1999, wanda sashensa na 42 ya hana nuna bambanci saboda jinsi ko addini. Suna kuma iya shiga cikin shari'ar su nuna cewa alƙalin Bakori bai bi ƙa'idarta ba. Duk da sun ambaci tsarin mulki a wasu wurare, hanya ta biyu suka fi dogara da ita, kuma suna da dalili. Amina Musulma ce da za ta koma ta zauna cikin danginta. Da a ce an kuɓutar da ita ta hanyar da mutanen garinsu za su ɗauka cin fuskar addini ce, da ta fita daga hannun kotu ta faɗa bakin duniya. Saboda haka lauyoyin suka zauna da malamai, suka buɗe Tuhfa da Mukhtasar na Halilu da sauran littattafan Malikiyya, suka shiga kotu da hujjojin da alƙalan ba za su iya kau da kai daga gare su ba.

Faɗuwa a Funtuwa, nasara a Katsina

Zagayen farko na ɗaukaka ƙara bai yi daɗi ba. Ranar 19 ga Agusta, 2002, Babbar Kotun Shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin Bakori, ta ce a zartar bayan Amina ta yaye 'yarta. Lauyoyin ba su karaya ba, suka nufi Katsina gaban Alƙalin Alƙalai Aminu Ibrahim da kadi huɗu.

Hujjojin da kotun Katsina ta karɓa sun cancanci kowane mai zuwa kotu ya san su. Na farko, dokar jihar ta ce alƙali ya zauna da mambobi biyu, shi kuwa alƙalin Bakori shi kaɗai ya zauna, don haka zaman bai inganta ba tun daga tushe. Na biyu, ba a fayyace wa wadda ake tuhuma laifin da abin da zai biyo bayansa ba, ba a kuma ba ta cikakkiyar damar kare kanta ba. Na uku, wanda ya yi iƙirarin zina yana da ikon janye iƙirarinsa kafin a zartar da haddi, kuma Amina ta janye nata, amma kotun Funtuwa ta ƙi saurara. Na huɗu, babu wanda ya kama ta tana aikatawa, babu shaidu huɗu.

Hujja ta biyar ita ta fi ba baƙi mamaki, alhali ba sabon abu ba ce a wurin ungozoma ko almajirin fiƙihu a ƙasar Hausa: kwantaccen ciki. A mazhabar Malikiyya ciki na iya kwanciya har shekara biyar bayan rabuwar aure, kuma ana jingina ɗan ga tsohon miji. Amina ba ta kai wannan wa'adi da fita daga gidan mijinta ba. Wannan kaɗai shubuha ce, ƙa'idar malamai kuwa ita ce ana kawar da haddi idan shubuha ta shigo.

Hayaniyar waje

Duniya ta yi caa a kan wannan shari'a. Wasu 'yan takarar gasar sarauniyar kyau ta duniya da aka shirya yi a Abuja a 2002 sun ƙaurace saboda Amina, kafin rikicin Kaduna na watan Nuwamba ya sa a mayar da gasar Landan. Takardun koke sun yi ta yawo a intanet, wasu ma na cewa Kotun Ƙoli ta riga ta tabbatar da hukuncin har an sa ranar jifa, abin da ba gaskiya ba ne.

A watan Mayu na 2003 BAOBAB ta fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa tana roƙon masu wannan koke su dakata. Dalilinta shi ne bayanan ƙarya na zubar da mutuncin masu aikin a gida, zagin addini kuma na iya tunzura mutane su ɗauki doka a hannunsu, ko ya sa hukuma ta yi gaggawar zartar da hukunci don nuna ba ta tsoron kowa. Ƙungiyar ta kuma nuna cewa yafiyar gwamna ba daidai take da wankewar kotu ba: wanda aka yafe wa mai laifi ne da aka ji tausayinsa, wanda kotu ta wanke kuwa ba shi da laifi, kuma hukuncinsa zai amfani na bayansa. Tarihi ya gaskata su. Har yau babu macen da aka jefe bisa hukuncin wata kotu a Najeriya. A 2002 Ayesha Imam da BAOBAB suka sami lambar yabo ta John Humphrey a Kanada, a 2005 kuma Majalisar Tarayyar Turai ta ba Hauwa Ibrahim lambar Sakharov.

A kudancin ƙasar ma ta kotu aka bi wajen ƙwato wa mata haƙƙinsu. A 2014, a shari'ar Ukeje, Kotun Ƙoli ta soke al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta, ta dogara da sashe na 42. Bambancin shi ne a can doka aka nema ta ba mace abin da al'ada ta hana ta. A nan Arewa shari'a ta riga ta yanka wa mace rabonta, matsalar ita ce ya isa hannunta.

Abin da ya rage

Shari'ar jifa ta yi ƙaranci, amma shari'ar yau da kullum na nan. Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara na cikin ƙananan hukumomin da 'yan bindiga suka fi addaba a jihar Katsina, kuma kowane hari na barin gwauraye da marayu. Akwai matar da aka kashe mijinta, 'yan'uwansa suka riƙe gona suna cewa sai yara sun girma, tumunin takabarta ma bai zo hannunta ba. Akwai wadda aka saka da goyo babu ciyarwa, da wadda aka ƙwace wa 'ya'ya alhali riƙonsu haƙƙinta ne, da mai neman hul'i da aka yanka mata kuɗin da ya fi ƙarfinta. Da yawansu ba su san cewa kafin alƙali ya yanke hukunci sai ya yi musu i'izari, wato ya tambaye su ko suna da sauran magana ko hujja ba. Ba su san suna da ikon karɓar kwafin shari'a su wuce kotu ta gaba ba. Ofisoshin WRAPA da na ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da na Hukumar Ba Da Agajin Lauya, wadda aka kafa tun 1976, galibi a manyan birane suke, kuɗin mota kaɗai kan sa mace ta ce ta bar wa Allah.

Kira a nan ga waɗannan ƙungiyoyi shi ne su sauko ƙauye, su horar da 'yan gari maza da mata da za su riƙa raka mace kotu suna fahimtar da ita. Malaman Islamiyya su karantar da babin gado da na shari'a kamar yadda suke karantar da babin tsarki. Gwamnatin jiha ta ci gaba da horar da alƙalan ƙananan kotuna, domin a nan mafi yawan shari'o'in mata ke farawa su ƙare. Ke kuma 'yar'uwa, idan hukunci bai gamsar da ke ba, ɗaukaka ƙara ba rashin kunya ba ne, ba kuma jayayya da addini ba ne. Haƙƙinki ne, kuma wa'adinsa gajere ne, kada ki bari ya wuce.