Ina Fim Ɗin Hausawan Inugu?

'Yan'uwa ɗalibai, a 1968 kyamarorin Turawa suka nuna wa duniya yaran Biyafara da yunwa ta rame, kamfanin Markpress na Janeba yana yaɗa hotunan. Yunwar gaskiya ce, kisan 'yan ƙabilar Ibo a Arewa a 1966 ma gaskiya ne. Amma akwai sauran labari. Magajin garin Inugu na farko, Malam Umaru Altine, Basakkwace ne. A Oktoban 1966 Ojukwu ya ce baƙi su bar Gabas. Hausawan Fatakwal, Anaca da Inugu suka bar rumfunansu, wasu ba su iso gida ba. Ni dai ina ganin ɗaukar labarinsu aikinmu ne. Waya na hannunmu, tsofaffin nan kuma kullum raguwa suke. Hutun nan, mu zauna da su.